Langar Kurege a Wajen Ciyayya

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

Wata bazara yunwa ta ci ƙarfin Kurege, ko ƙwayar gero babu a raminsa. Abin da ya mallaka a duniya wata langa ce mai murfi. A unguwar kuwa ana ciyayya: da magariba kowane maigida ya fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida a ci tare. Wanda bai zo da kwano ba, ba shi da wurin zama.

Kurege ya goge langarsa har tana ɗaukar ido, ya aro babbar riga, ya je ya kame tsakanin Alhaji Zaki da Alhaji Kada, attajiran unguwa.

"Nawa girkin birni ne, sai a ƙarshe ake buɗe shi," in ji shi. "Bismilla, mu fara da naku."

Ya narki tuwon Zaki, ya sharɓi miyar Kada. Kafin a zo kan langa kowa ya yi nak. Ya ɗauke abarsa yana kirari: "Ni ne Kurege, ƙaramin da ke cin na manya!"

Da gari ya waye ya leƙa gidan Zaki. "Ranka ya daɗe, ana ta cewa miyar Kada ta fi taka maiƙo." Ya zaga wajen Kada ya ce masa ana gulmar kifinsa duk ƙaya ne.

Shi ke nan, gasa ta kankama. Zaki ya yanka sa, Kada ya yanka raƙumi. Zaki ya sayar da motarsa, Kada ya sayar da kwalekwale har da injin. Abin tausayi wallahi, ba mai barci, ba mai dariya, kowa na leƙen kwanon ɗan'uwansa yana ramewa. Shi kuwa ɗan banzan, wuyansa har ya yi tozo.

Ran nan dukiya ta ƙare kaf. Don gudun kunya, kowannensu ya fito da kwano a rufe, ba komai ciki.

"Yau nawa ma na birni ne," in ji Zaki.

"Haka nawa," in ji Kada. "Malam Kurege, sai mu fara da naka."

Kurege ya ce ai bai huce ba. Zaki ya sa farce ya ɗaga murfin. Wani kyankyaso ya fito ya kama gabansa.

Kada ya dubi wuyan Kurege ya haɗiyi yawu. "Alhaji, ashe tuwonmu bai ɓata ba, ga shi nan ya zama nama."

Kurege ya sulale ya bar musu riga, amma sai da wutsiyar Kada ta make shi a gindi. Ya faɗa rami yana ɗingishi, daga ciki ya ɗaga murya: "Ku gode mini, matsiyata. Duk zamanin da kuke da dukiya, yaushe bakinku ya taɓa zuwa ɗaya in ba yau ba?"

Ƙurunƙus. Ku tashi, namu tuwon na hucewa.