Kundi Uku, Jariri Ɗaya

To, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Kai ma Sagiru, zare wannan abin daga kunnenka. Yau labarin naku ne, na masu waƙar nan da ake zuba magana da sauri kamar an biyo mutum da sanda. Ni ban taɓa sonta ba, kun sani. Amma wannan labari ya tsaya mini a rai, kuma in na gama babu mai tashi sai kun yanke mini hukunci.

Akwai wani matashi Nafi'u, wanda duniya ta sani da Tartsatsi. Kundin waƙa uku ya fitar, kuma in ka ji su a jere sai ka rantse ba mutum ɗaya ya yi su ba.

Na farko sunansa Bakin Tasha. Na 'yan acaɓa ne da 'yan dako da masu wankin mota, cike da cika baki da ɗaga kafaɗa. A ciki ya ce, "Ba mu da gata, muna da juna." Kafin ka ce me, maganar ta hau bayan babura, ta hau bayan manyan motoci, har jikin bangon makarantu. A hoton kundin ya yi kitso, ya naɗe fuska da rawani har hanci, ya ɗora baƙin tabarau. Samari suka ɗauka, kowa ya koma kamar ɓarawon da ya makara. Shi ya sa mutane suka san muryar Nafi'u, ba su san fuskarsa ba.

Na biyu sunansa Kwalba, a kan shaye-shaye. Nan abokansa suka juya masa baya, suka ce Tartsatsi ya zama mai wa'azi. Gidajen casu suka daina sa shi. Sai iyaye mata suka karɓe. Matar da ba ta taɓa sauraron irin wannan kiɗa ba, sai ka ji ta ƙure shi a tsakar gida don ɗanta da ke kwance a ɗaki ya ji.

Na uku sunansa Burtali, a kan manoma da makiyaya, rabi da Hausa rabi da Fillancin da ya koya wurin kakarsa. Bai bar kowa ba. Ya faɗa wa wanda ya nome hanyar shanu, ya faɗa wa wanda ya tura shanu gona. A birni kundin ya faɗi warwas. Masu rediyo suka ji tsoronsa, wasu suka zage shi cewa ya sayar da kansa. Abin da bai sani ba, masu cajin waya na kasuwannin ƙauye suna ta tura shi a katin waya, yana shiga rugage ɗaya bayan ɗaya. Da labari ya iso masa, sai ya ce lallai zai je ya ga masu jin nan da idonsa.

Matarsa Rumasa'u tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ta ce masa, "Don Allah ka bari sai na sauka. Jikina bai ba ni tafiyar nan ba." Ya yi dariya, ya ce kafin la'asar ya dawo. Ya hau babban babur ɗinsa, da kitsonsa da rawaninsa da tabaransa, ya kama hanya.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don akwai masu dangi a can a cikinku. Ku dai sani 'yan bindiga sun sha shiga musu, sun kwashe mutane, kuma duk shigar da za a yi sai an fara ganin baƙo a kasuwa yana tambaye-tambaye. Har mutanen ƙauyen sun hana mazan Fulani cin kasuwarsu, sai mata masu tallan nono. To a wannan kasuwa Nafi'u ya tsaya, rana tsaka, fuska a rufe, ya tambayi mai rake wace hanya ce ke zuwa ruga. Ku ji wauta. Shigar da ake tafa masa a birni ita ce shigar da ke sa mutanen nan gudu daji da goyo.

Mai rake bai ba shi amsa ba. Ihu ya yi.

Kafin Nafi'u ya warware rawani an kai shi ƙasa. Gora ta same shi a muƙamuƙi, wata a haƙarƙari. 'Yan sa-kai suka ƙwace shi da ƙyar, suka jefa shi wani shagon hatsi na ƙasa suka kulle, ba don tausayi ba, don a tambaye shi sunayen abokansa kafin a gama da shi. Jama'a kuwa ba su da wannan haƙurin. Wasu suka datse hanyar fita gari da itace, wasu suka tafi neman fetur. Wani ya ɗauki abin a waya ya watsa, kuma haka ya isa hannun Rumasa'u. Ta ga babur ɗin a kife, ta ga takalmin da ita ta saya masa. Naƙuda ta taso mata nan take. Ana fita da ita tana cewa, "Inna, kar yaron nan ya zo maraya."

Yanzu ku saurara da kyau, don daga nan mutum uku za su shigo.

Na farko Lurwanu, ɗan acaɓa. Yana bakin kasuwa lokacin da Nafi'u ke ƙasa yana ihun a tsaya a ji shi. Lurwanu bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma muryar da ya wuni da ita a kunne shekara da shekaru ba ta ɓace masa ba. Ya bi 'yan'uwansa ɗaya-ɗaya yana nuna musu rubutun da ke bayan baburansu. "Wanda ya faɗi wannan maganar shi ke cikin shagon can," in ji shi. "Yau za a ga ko fenti ne kawai." Suka jero babura a ƙofar shagon, taya na taɓa taya, suka tsaya a bayansu. Ku tuna su kansu ana zarginsu da kai wa 'yan daji mai, don haka tsayuwar nan wuyansu suka miƙa. Aka jefe su, aka fasa wa Lurwanu goshi, aka ƙone masa babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba. Bai matsa ba. Ba don shi ba, da wuta ta ci shagon tun kafin wani ya yi tunani.

Na biyu Tsalha, mataimakin shugaban 'yan sa-kai, kuma shi ke riƙe da makulli. An kashe masa wa a harin ƙarshe, don haka babu wanda ya fi shi son a gama da baƙon nan. Amma Tsalha ya taɓa zama ɗan kwalba, har ya kai ga kwana a kwata. Uwarsa mai injin niƙa ce, ita ta dinga sa masa Kwalba safe da yamma har wata rana ya fashe da kuka ya daina. Da ya ji abin da 'yan acaɓa ke faɗa, sai ya kara baki a ramin ƙofa ya ce, "Malam, in kai ne, yi mini waƙar Inna." Daga ciki, da karyayyen muƙamuƙi, da jini a baki, murya ta fito a hankali: "Inna na daka, ni ina layi, wa zai ɗaga ta ran da ta faɗi?" Tsalha ya tabbata shi ne. Shugabansa ya ce ya miƙo makulli, Tsalha ya ce ba zai bayar ba. Ƙannensa na ciki ɗaya suka kira shi maci amana a gaban jama'a, ya haɗiye. Ya zagaya ta baya da sangwami, ƙarfen haƙa, ya fasa ginin ƙasar, ya jawo Nafi'u ta ramin. Ba don shi ba, da komai daɗewa katangar babura ta karye.

Sai dai fitar ba ta zama tsira ba. Hanya a datse take, mutumin yana ta zubar da jini, numfashinsa na sarƙewa. Bayan shagon kuwa sai gonakin dawa, sai daji.

Na uku Giɗaɗo, makiyayi. Masu tallan nono ne suka ruga ruga suka ce za a kashe mai waƙar Burtali. A rugarsu waƙar nan ce ta hana samari ɗaukar fansa lokacin da aka sare musu shanu, don dattawa sun zaunar da su sun sa musu ita, sun ce ku ji, akwai Bahaushen da ya san namu ciwon. Giɗaɗo ya san in aka gan shi kusa da gari, shi da Nafi'u duka sun tafi, kuma ganin nasa shi zai tabbatar da zargin. Duk da haka ya jawo takarkarinsa, san da yake ɗora wa kaya, ya kutsa cikin dawa a sunkuye har bayan shagon. Shi da Tsalha suka haɗa ido. Mutanen da rabonsu da gaisawa tun kafin rikici, suka ɗaga mutum ɗaya tare. Giɗaɗo ya ɗaure Nafi'u a bayan takarkarin da rawanin nan da ya jawo bala'in, ya bi tsohon burtali. Ya san inda masu bindiga na gaskiya ke shayar da dabbobi, ya kauce. Da suka ji ƙarar babura, ya kwantar da takarkarin a cikin sabara, ya toshe bakin Nafi'u da tafinsa har suka wuce. Ya ƙetare rafi ruwa iya ƙirji, ya fito kwalta rana na shirin faɗuwa, ya tare motar da ta kai shi asibiti. Ba don shi ba, da Nafi'u ya cika a cikin dawa.

Nafi'u ya rayu. Rumasa'u ta sha wuya ƙwarai, amma ta haifi namiji. Likita ya ɗaure wa Nafi'u muƙamuƙi da waya, ya ce ko ya warke da wuya harshensa ya sake gudu irin na da. Wato kundin nan uku su ke nan.

Nafi'u ya yi alkawari, ta hanyar nuni da 'yan kalmomin da ke fita, cewa zai yi wa wanda ya ceci ransa takwara. Nan gardama ta kaure a gidan, don kowane kundi da mutumin da ya jawo masa, zaɓen kundi kuwa zaɓen suna ne. Ƙannensa suka ce Bakin Tasha ne, don shi ya shiga bakin kowa, ya mai da 'yan acaɓa 'yan'uwan juna. Uwarsa ta ce kar a kawo mata wannan, ai shi ya koya wa ɗanta rufe fuska. Ita Kwalba ta sani, wanda ya shiga gidaje ya tashi waɗanda aka fid da rai da su. Ƙannen suka ce Kwalba ya raba shi da abokai, shi ya sa ya yi tafiyar shi kaɗai. Rumasa'u ta ce Burtali, wanda ba a tafa masa ba amma ya hana zubar da jini. Aka tuna mata cewa Burtali ne ya kai shi ƙauyen tun farko. Wani ya ce a haɗa sunayen. Rumasa'u ta ce ɗanta ba motar haya ba ce da za a cika da rubutu. Yaro ɗaya, suna ɗaya.

Ranar suna da safe rago na ɗaure a ƙofar gida, an raba goro, an shimfiɗa tabarma. Lurwanu na zaune da tabo a goshi, ba shi da abin hawa. Tsalha na gefensa, an kore shi daga sa-kai, ƙannensa ba sa amsa masa sallama. Giɗaɗo na can ƙarshen tabarma, rugarsu ta tashi saboda tsoron abin da zai biyo baya. Babu wanda ya roƙi komai a cikinsu, kuma kowa ya san duk wanda aka tsallake zai koma gida da shi a zuciya. Liman ya sunkuyo, ya kara kunnensa a bakin Nafi'u, ya ce, "Wane suna za a raɗa?" Nafi'u ya ɗaga kai. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi na ƙarshe.

To, liman na jira, mai wuƙa na jira. Ku da kuka fi ni sanin waƙoƙin, ku faɗa mini: Lurwanu, ko Tsalha, ko Giɗaɗo, sunan wa ya cancanci yaron nan ya amsa har ƙarshen ransa?