Ledar da ake ci da saniyar Baffa Hammawa

Akwai wani makiyayi a gefen Tudun Kaya ta Ƙaraye, ana ce masa Baffa Hammawa. Dattijo ne mai fara'a, amma in kana son ganin ɓacin ransa, to ka yar da leda a gabansa.

Kuma da gaskiyarsa. Shanunsa biyu leda ta kashe. Sai saniya ta daina kiwo, ta rame, ciki ya kumbura. In an yanka, a tarar da tumbinta cunkushe da leda. Guda ɗaya ta rage masa, tana da tsohon ciki, kuma nononta matarsa Turai take jira.

A cikin gari kuwa akwai Nuriyya, wadda ta karanta kimiyyar abinci ta dawo gida. Takan dama sitacin rogo da ruwan ganyen zogale, ta shimfiɗa a faranti ya bushe ya zama falle siriri. Da shi take naɗe ƙuliƙulin mahaifiyarta. Zogalen na hana man saurin canza wari, kuma fallen kansa ana ci. Sai dai mutanenmu da sabo! Ko an ce musu su ci, ɓarewa suke yi su yar.

Wata rana Baffa ya hango saniyarsa a bayan kasuwa tana lamushe waɗannan fallaye. Shi a ganinsa leda ce, kuma kafin ya isa ta haɗiye. Ya tambaya, aka nuna masa gidan su Nuriyya.

Ko sallama bai yi ba. Ya tarar da farantanta a rana a ƙofar gida, ya sa sanda ya watsar da su cikin ƙasa.

"Abin da bokon ya koya miki ke nan? Kashe dabbar talaka?"

"Baffa, don Allah ka tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Nuriyya ta durƙusa tana tsince aikinta, hawaye na zuba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Da la'asar wata maƙwabciya ta shigo da labari: Baffa ya kira mahauci a kan saniyar da ta ci fallen. Gara a yanka ta, in ji shi, da ta mutu mushe.

Mahaifiyar Nuriyya ta ce, "Ƙyale shi. Mutumin da ya ci miki mutunci a bainar jama'a?"

"Inna, tsoro ne ya sa shi. Saniyar nan lafiyarta ƙalau, kuma ciki gare ta."

Ta zura hijabi, ta ɗauki falle guda, ta tari ɗan acaɓa.

Ta iske an kayar da saniya an ɗaure ƙafafunta, mahauci na wasa wuƙa, Turai ta juya baya tana kuka. Nuriyya ta rusuna ta gaida Baffa. Ya kawar da kai. Ta roƙi Turai ruwan ɗumi a ƙwarya, ta jefa fallen a ciki, ta juya da yatsa. Suna kallo ya narke kamar koko. Ta kafa kai ta shanye.

"Rogo ne da zogale, Baffa. In yana kisa, ni zai fara kashewa. Ka ba ta lokaci."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya kwance igiyar. Saniya ta miƙe, ta kaɗa wutsiya, ta koma tuƙarta kamar ba ita ba.

Bayan damina ta faɗi, sai ga sallama a ƙofar gidan su Nuriyya. Baffa ne, da sababbin farantai a ka, yana jan 'yar maraƙa da igiya. Wannan karon sai da ya yi gaisuwa har ta gajiya da ta ruwa.

"'Yata, ki yafe mini," in ji shi. "Maraƙar nan taki ce. Ba don ke ba, da wuƙa ɗaya ta tafi da su biyun."

Darasi: Sau da yawa wanda ya yi maka ihu, wani tsohon ciwo ne ke cinsa. Kada zafin abin da aka yi maka ya hana ka ceto wanda ke shirin cutar da kansa. Kai kuma mai fushi, tsaya ka saurara kafin ka ɗaga sanda. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai riƙe da wuƙa yanzu haka.