Ƙofar da Aka Riƙe wa Verna

A wani ƙaramin gari da ke bakin tafki a arewacin Minnesota akwai wata dillaliyar gidaje mai suna Glenda Rustad. Ta shekara ashirin da biyu a sana'ar, kuma babu mai musun cewa ta iya ta. Matsalarta ɗaya ce. Tun da sunanta ya fito kanta ya kumbura, ta fara ganin akwai ayyukan da ta fi ƙarfinsu. Babba a cikinsu shi ne zaman ranar Lahadi.

Duk gidan da aka sa a kasuwa akan buɗe shi ranar Lahadi daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Masu gida su fita, dillali ya kafa allo a bakin titi, ya kunna kowace fitila, ya ajiye biskit a faranti, kowa ya shigo ya duba. Glenda ta daɗe da daina wannan zaman. Sai ta ba ƙananan dillalan ofishinsu, su kuwa har rububi suke yi, domin a nan suke samun masu neman gida da ba su da dillali. Ba laifi ba ne, kowa yana yi. Amma ita ba ta ma tsayawa ta yi wa mutum bayanin gidan. Ta kan ce, “Ni na wuce gadin biskit.” Ana dariya, ita ma tana yi.

A watan Janairun wata shekara ne Arlen Moberg ya kira ta. Tsohon direban motar share dusar ƙanƙara ne, ya haura tamanin. Matarsa Verna ita ce ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamaren garin, ta ciyar da rabin mutanen da ke yawo a titi yau, har da Glenda. Yanzu ciwon mantuwa ya kama ta. Wani lokaci ba ta gane kicin ɗinta, amma tsofaffin fuskoki ba su ɓace mata duka ba.

Da Glenda ta shigo, Verna ta ɗago daga kujera ta ce, “Ga yarinyar da ba ta cin wake.”

“Har yanzu ba na ci, Misis Moberg,” in ji Glenda.

Arlen ya ja ta zuwa kicin ya rage murya. Ya ce akwai wani gidan kula da tsofaffi a garin da ke gaba, suna da ɗaki na miji da mata, muddin dukansu biyu suna iya tafiya da ƙafarsu. Abin da yake so ke nan a duniya: ya sayar da gidan, su koma can tare, kada a raba shi da Verna.

“Amma zancen buɗe gida, akwai magana,” ya ce. “Ba na iya fita da ita. In na sa ta a mota sai ta yi ta kuka. Za ta zauna a ɗakin baya da rediyonta. Ni kuma Lahadin nan kaɗai suka ba ni in je in ga ɗakin. Ke ta sani. In ta fito ta ga baƙi, ki kama hannunta ki mayar da ita, shi ke nan. Amma ke da kanki, Glenda. Ba wani ba.”

“Haba Arlen, sai ka ce ba ni ba. Zan zo da kaina.”

Lokacin da ta faɗa, har cikin ranta haka take nufi. Sai ranar Juma'a wani mai gina rukunin gidaje ya kira ta. Yana da sababbin gidaje talatin da zai ba dillali ɗaya, yana so su ci abincin rana ranar Lahadi su tattauna. Ba ta ko ce bari in duba ba. Ta amsa.

Ta leƙa teburin Dwayne Pruitt. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, ya daɗe yana sayar da motoci a wata jiha kafin ya dawo garin matarsa bara ya shiga dillancin gidaje. Yana da fara'a da ƙwazo, sai dai bai san kowa ba.

“Dwayne, kana da abin yi ran Lahadi?”

“In kin cire kallon ƙwallo da jin ƙorafin surukata, babu.”

“To ga gidan Moberg. Na ba ka.”

“Ke dai Allah ya bar mana ke. Akwai abin da ya kamata in sani?”

Ta san in ta ambaci Verna, zai ce to me ya sa ba za ki je ba? Kuma ba ta da amsar da za ta iya faɗa da babbar murya. Ta gaya wa kanta awa biyu ne kacal, tsohuwar ma barci take yi da rana. Sai ta ce, “Zan turo maka.” Ta tura masa saƙo ta waya: lambar akwatin mabuɗi, shekarar da aka sake rufi, shekarar da aka sa na'urar ɗumama gida. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya: ɗakin baya a rufe yake, a bar shi a rufe.

Ranar Lahadi da sha biyu da rabi Arlen ya kira ta. Tana cikin mota, ta riga ta ɗauki hanyar da ba ta gidansa ba.

“Na ga ba ki iso ba. In jira?”

“A'a, kada ka makara. Ina hanya, ka tafi kawai.”

Ya tafi. Minti goma bayan haka Dwayne ya iso. Ya yi komai yadda aka koya masa. Ya kafa allo, ya kunna fitilu, ya shimfiɗa tabarmar ajiye takalma. Ya ga wata sakata da Arlen ya sa saboda Verna a can saman ƙofar gaba, inda hannun gajeren mutum ba ya kaiwa, bai kawo komai a ransa ba. Ranar buɗe gida ai ba a sa sakata.

A can gidan abinci kuwa Glenda ta kife wayarta a tebur. Maganar tana tafiya yadda take so, amma hankalinta yana gidan Moberg. Sau biyu ta kai hannu za ta kira Dwayne, sau biyu ta fasa, don kada mai gidajen ya ga hankalinta a rabe yake. Ƙarfe uku da kwata ta juya wayar. Kira goma sha ɗaya, duk daga Arlen da Dwayne. Ta tashi ta nufi mota.

Da ta isa, motar 'yan sanda biyu ce a ƙofar gidan, allonta yana tsaye a cikin dusar ƙanƙara. Dwayne yana zaune a matakala ba ko rigar sanyi, fuskarsa ta yi fari.

“Ina take?” in ji Glenda.

“Ke kin san da ita?” Ya ɗago ya dube ta. “Kin san akwai mutum a ɗakin nan?”

Sai ya ci gaba. Ya ce wajen ƙarfe biyu saura ya hau sama da wasu ma'aurata. Da ya sauko sai ya tarar da wata tsohuwa a tsaye a falo, da suwaita da silifas, tana kallon wasu mutane suna buɗe kabad ɗin kicin. Ya ɗauka maƙwabciya ce. Kowane dillali ya san su, ba a buɗe gida ba su tsallako da silifas sun leƙa yadda maƙwabci ya shirya ɗakinsa ba.

“Ta tambaye ni, gidan wane ne wannan? Na ce na sayarwa ne, madam, ki duba son ranki. Na ba ta biskit, na ba ta takardar farashi. Ta yi ta kallon takardar. Sai ta ce, to bari in tafi gida, mamata tana jira. Na yi dariya, na zaci wasa take yi.” Ya rufe fuska da hannu. “Ni na riƙe mata ƙofa, Glenda. Na ce ta gaida gida.”

Sai da Arlen ya dawo ya tarar babu kowa a ɗakin baya aka gane Verna ce ta fita. Sanyin ranar irin wanda ke daskarar da gashin hanci ne, kuma rana ta fara sauka. Verna ta fi awa ɗaya da rabi a waje.

Gari ya fito nema. Mutanen coci, masu kashe gobara, tsofaffin abokan aikin Arlen da motocinsu. Glenda ta bi titi da takalmin cin abincin rana mai tsini, tana kiran Misis Moberg har muryarta ta dishe. Ta hango Arlen a can gaba yana leƙa bayan kowace mota. Ta so ta je wurinsa, kunya da tsoro suka hana ta.

Gab da faɗuwar rana aka sami Verna, a gefen tsohon layin dogo, a hanyar unguwar da aka haife ta, wadda aka rushe tun da daɗewa. Ta zame ta faɗi, ƙugunta ya karye, silifas ɗaya babu. Tana da rai. Likitoci sun yi abin da za su iya, amma sanyi ya riga ya cinye yatsun ƙafarta ta hagu, kuma a shekarunta ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Bayan mako uku aka gaya wa Arlen gaskiya: Verna ba za ta sake tafiya ba. Ɗakin miji da mata ya wuce su. Za a kai ta sashen masu jinya a kwance, shi kuma zai riƙa zuwa ziyara daga ƙarfe goma zuwa shida.

Duk tsawon makonnin nan Glenda ba ta iya zuwa asibiti ba. Ta aika furanni, ta aika kati, ta rubuta wasiƙa ta yaga sau huɗu. A ofis babu wanda ya zage ta, wannan ya fi mata ciwo. Dwayne ya ajiye aikin. Ranar da ya zo kwashe kayansa ya tsaya a ƙofarta ya ce, “Da kin ba ni layi ɗaya kawai. Na kula da mahaifiyata shekara shida da irin wannan ciwon. Da na san abin yi.” Bai jira amsa ba.

A ƙarshe ta tafi. Ta sami Arlen a bakin gadon, yana shafa wa Verna mai a hannu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Verna ta dubi Glenda ta kau da kai, babu alamar ta taɓa ganinta.

“Arlen, na zo in ba ka haƙuri. Ba zan karɓi la'ada ba, kuma duk abin da...”

“Bar zancen la'ada,” ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. “Tambaya ɗaya nake da ita. Da na kira ki kika ce kina hanya, ina kike?”

Ta yi niyyar cewa abu ne ya taso mata ba zato. Kalmomin suna bakinta. Sai ta ga ba za ta iya ƙara masa wata ƙaryar ba.

“Ina hanyar cin abinci da wani mai gidaje. Tun Juma'a na san ba zan zo ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya rufe kwalbar man.

“Ban damu da wanda ya zauna a gidan ba, Glenda. Mutumin da kika turo ya zo nan sau biyar yana kuka, ba ni da komai da shi. Kuma da kin ce min ba za ki samu zuwa ba, ba zan ji haushi ba. Zan cire takalmina in zauna da matata. Ɗakin zai jira wata Lahadin. Abin da kawai nake bukata ke nan, ki gaya min.”

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce shida ta kusa. Arlen ya gyara wa Verna bargo, ya ɗauki hularsa. Verna ta riƙe hannun rigarsa ta ce kada ya tafi ya bar ta da baƙi. Ya ce mata gobe da safe zai dawo, ya zare hannun rigar a hankali. Glenda ta tsaya tana kallonsa ya bi dogon barandar shi kaɗai.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba laifi ba ne ka wakilta wani a aikinka, ba mai iya kasancewa a wuri biyu lokaci ɗaya. Amma aiki ake ba da aronsa, ba a ba da aron alkawari. In ka ce da kanka za ka zo, to ka zo. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri, ka bar mai abu ya zaɓa wa kansa. Wanda ka tura kuma ka gaya masa duk abin da ka sani, har da abin da zai ba ka kunya, domin da bayaninka kaɗai zai yi aiki. Glenda ta guje wa kunyar minti ɗaya, ta ɓoye gaskiya ga mutum biyu da suka amince da ita, kuma tsofaffi biyu da ba su yi mata komai ba su suka ɗauki sakamakon har ƙarshen rayuwarsu.