Tsohuwar Lyon da Ta Ƙi Cin Abinci

Akwai wata mata 'yar Tawa ta Nijar, sunanta Zouera, da ta shekara biyu a Paris tana kwana a falon ƙanwar uwarta a unguwar Goutte d'Or. A 2011 aka samo mata aiki a Lyon: kula da wata tsohuwa, Madam Pilar, har da ɗakin kwana a gidan.

Zouera ta hau jirgin ƙasa tana taƙama da Faransancinta na lakwal, wato na makaranta. Ashe ba ta san dawan garin ba. Tsohuwar 'yar Sifaniya ce, ciwon mantuwa ya share mata Faransanci tas, sai Sifaniyancin yarinta ya rage. Ga shi ta daina cin abinci, sai ɗan ruwa.

Ɗan tsohuwar ya bugo waya daga Paris. "Idan ba ta fara ci ba kafin in zo ran Lahadi, gidan tsofaffi zan kai ta. Ke ma sai ki nemi wurin zama."

Zouera ta dafa shinkafa, ta dafa dankali. Kullum ta ajiye asiti, wato faranti, ta tsaya a gefe, yadda aka koya mata a wurin horo. Tsohuwa sai ta juya wa abincin baya, tana magana tana hawaye, Zouera ko kalma ba ta tsinta. Ba abin da ya kai wannan ciwo, mutum yana roƙonka ba ka san me yake roƙo ba.

Ta je kasuwa wajen wata 'yar Peru mai kayan miya, ta koyo kalmomin Sifaniyanci: ruwa, zafi, ci. Ta dawo ta zazzage su duka, tsohuwa ko kallo.

Ta kira ƙanwar uwarta tana kuka. "Inna, ta ƙi ci. Na rasa yadda zan yi."

"Ke a ina kike cin naki?"

"A ɗakin girki."

"Haba Zouera. Ko a gida, wa yake jin daɗin ci ana tsaye a kansa?"

Ran Asabar Zouera ta zuba musu a kwano ɗaya, ta ja kujera, ta yi bismilla ta sa hannu. Tsohuwa ta kalle ta, can ta miƙo hannu ta ɗauki dankali. "Patata," in ji ta, kuma ba ta kai baki ba sai da Zouera ta maimaita daidai.

Ran Lahadi ɗan ya shigo ya tarar da hannu biyu cikin kwano ɗaya. Ya ɓata rai. "Wa ya koya miki wannan? Ba haka ake yi a nan ba."

Zouera ta janye hannunta. Nan take tsohuwa ma ta janye nata, ta juya ta fuskanci bango.

Ɗan ya daɗe a tsaye yana kallon uwarsa, wadda ko gane shi ba ta yi ba. Sai ya dubi Zouera.

"Don Allah, mayar da hannunki."

Darasi: In harshe ya gagare ka a ƙasar mutane, kada ka raina tarbiyyar da ka zo da ita daga gida, domin zama kusa da mutum ma magana ce. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke fama da baƙunta a waje.