Mai Waƙa a Bakin Kwalba

Wata ranar Litinin, da ƙarfe bakwai na safe, aka danƙa wa wata mace mai suna Dinatu kwalabe huɗu a ɗakin gwaje-gwaje. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda aka ɗebo daga jikin wata marar lafiya domin a gwada maganin da zai karɓe ta. Aikin Dinatu shi ne ta ciyar da su, ta tsare su daga ƙwayoyin cuta har su yawaita.

Ruwan abincinsu ja-ja ne, kamar sama da asuba. In ta leƙa ta madubin likita sai ta gan su warwatse kamar taurari, ta shagala, ta kama rera waƙar sujada, ga kwalba a buɗe a gaban bakinta. Ba ta damu ba, gama tana ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan.

Babbarsu a wurin, Mama Biriskila, ba ta sa wannan magani. Takan goge tebur da safar hannu da sifirit, ta buɗe kwalba ɗaya tak, ta kame bakinta.

Wata rana ta ce, "Dinatu 'yata, muryar taki da daɗi, amma nan ba zumuntar mata ba ce."

Dinatu ta yi dariya. "Haba Mama, ai na sa magani."

"Danne ƙwayoyin cutar kawai yake yi. Ba zai gaya miki sun shiga ba."

Da lokacin gwaji ya yi, dole aka daina sa maganin don kada ya rikita sakamako. Kwana biyu, ruwan ya gurɓace kamar na kududdufi, taurarin Dinatu duka suka mutu. Sai da aka koma aka sake ɗiba daga jikin marar lafiyar, ta ƙara makonni uku tana jira cikin ciwo.

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Kwalbar ita ce zuciya. Maganin kuwa shi ne abin da muke rufe zunubi da shi: kyakkyawan suna, zuwa majami'a, tsoron idon mutane. Yana dannewa, amma ba ya wankewa. Ran da aka ɗauke shi, abin da ke ciki zai fito, kuma ba mu kaɗai za mu sha wuya ba. Mu roƙi Ubangiji ya tsarkake mu, mu kuma lura da abin da muke bari ya shiga kowace rana.

Dinatu ta sake farawa ba magani. Takan yi aiki shiru, ta ajiye waƙarta sai a hanyar gida. A mako na uku Mama Biriskila ta ɗaga kwalbar ga haske, ruwan garau.