Gicciyen Rimi da Gicciyen Ƙirya

Akwai wani mutum wanda matarsa Rahila ta rasu. Tun ranar da aka binne ta ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zaga gida, ya koma. Sai ya tafi wurin kafinta.

Ya ce, "Gicciye nake so, da sunanta a jiki. Gobe."

Kafinta ya ce, "Maigida, maƙabartar nan babu inuwa ko ta kara. Bari in yi maka na ƙirya, in sassaƙa sunan a ciki. Amma sai mako uku, ƙirya cin bakin ƙarfe take yi."

"Mako uku? Ta kwanta ba suna har mako uku?"

"To ga rimi. Gobe ka ɗauka, sai dai rana..."

"Yi na rimin!"

Washegari ya ɗauko shi, fari tas, sumul, an rubuta sunan da fenti. Ya kafa shi a kabarinta, taku biyu dama da kabarin wani tsoho, Barnaba, wanda gicciyensa na ƙirya ne, baƙi, ba kyan gani. Zaman garin ya gagare shi, sai ya tafi wani gari neman aiki.

Rana kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Kullum tana kai. Fentin ya kumbura ya ɓare. Rimin ya bushe, ya tsage, ya lanƙwashe, ya faɗi.

Bayan shekara uku ya dawo da ƴarsa, wadda take aure a nesa, ba ta sami zuwa jana'iza ba. Maƙabarta ta cika, ga guntayen katako ko'ina. Ya yi gabas, ya yi yamma, gumi yana zuba.

Ƴar ta ce, "Baba, ina Mama take?"

Ya ci gaba da dube-dube. Can sai ya hango wani gicciye a tsaye, rana ta mayar da shi toka-toka. Ya shafa, yatsunsa suka faɗa cikin sassaƙar: Barnaba. Ya yi taku biyu dama, ya durƙusa.

Ya ce, "Ga ta nan, ƴata."

Ma'anar wannan misali ita ce, jikokina, rana ita ce wahalar duniya, kuma kowa sai ta doke shi. Ita ma ƙirya ta sha rana, har launinta ya sake, amma sunan bai goge ba. Rimi shi ne bangaskiyar gaggawa: an yi baftisma, an ɗinka farin kaya, shi ke nan. Ni dai na gaya muku gaskiya, wasunku rimi ne, kuma ina ƙaunarku. Ku daina gaggawa, ku zauna Ubangiji ya sassaƙa maganarsa a cikinku, ko da zafi. Wata rana wani zai ruɗe cikin rana tsaka, yana neman abin da ya ɓace masa. Allah ya sa ya tarar da ku a tsaye.