Ranar da Sarki Ya Ji Tarinsa

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa mai yalwar fadama. Ba a san shi da zalunci ba, ba a kuma san shi da son jin abin da bai yi masa daɗi ba. Babu abin da yake ƙauna kamar shan taba a lofe. Da lofen yake buɗe zaman fada, da shi yake rufewa, kuma duk bafaden da ya faranta masa rai, tukwicinsa ƙunshin taba ne. Ba a daɗe ba manyan gari suka kwaikwaye shi, domin abin da sarki ya riƙe a hannu ba ya zama abin kunya a ƙasarsa.

Da yake yana tsoron a sa masa guba, sai ya ci gaba da naɗa wata sarauta da ya gada, wato Sarkin Lofe. Aikin mai wannan sarauta shi ne ya cusa taba, ya ɗora garwashi, ya zuƙa har hayaƙi ya kama sosai. In bai faɗi ba, sai ya miƙa wa sarki. Mai riƙe da ita a lokacin sunansa Cindo, matarsa Lantana kuwa ita ke shanya ganyen ta daka.

Bayan shekaru Cindo ya kama tari, ya rame, ya shiga tofar da jini, ya rasu. Waziri ya tuna wa sarki cewa haka wanda ya riga Cindo ya mutu. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, guba ce mai cin mutum a hankali, kuma kai aka nufa da ita. Hannun da ke daka tabar shi ne abin tambaya."

Aka kamo Lantana tana cikin takaba, sarki ya yanke cewa za a kashe ta. Sai dai dokar ƙasar ta hana a zubar da jini a kan zargin guba sai masanin magani ya shaida. Saboda haka aka aika wa Malam Jatau, wani tsohon mai magani da ya yi yawon neman ilimi a ƙasashe, wanda shi ne ya yi jinyar Cindo.

Da aka taru, sarki ya dubi Lantana ya ce, "Ke, me ya kai ki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni aka kashe wa miji, ni kuma aka ɗaure. In akwai sauran abin da za a ɗora mini, a ɗora yanzu, tun ina durƙushe."

Dogarai suka daka mata tsawa. Sarki ya ɗaga hannu, ya juya ga malamin. "Guba ce ta kashe Cindo, ko ba guba ba?"

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, guba ce."

Waziri ya gyara zama yana murmushi. Sarki ya ce, "To, ka shaida a kanta, mu gama."

"Ba zan shaida a kanta ba, domin ba ta zuba kome ba. Wanda ya kashe Cindo yana cikin zauren nan. Ya fi Waziri kusa da kai. Ba ya faɗuwa gaisuwa, amma kai kake kai shi bakinka kowace safiya, har ka naɗa mutum ya yi masa hidima."

Sarki ya dubi lofen da ke hannunsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tsoho, ka san inda kake?"

"Na sani, ya sarki. Ina gaban wanda zai iya sa a sare ni kafin azahar. Amma ni na kwana ina jin ƙirjin Cindo yana ƙugi, kuma na ji irinsa a gidajen da matar nan ba ta san ƙofarsu ba. Na ji shi a bakin 'ya'yan fadawanka, waɗanda ba su sha ba, hayaƙin iyayensu kawai suka shaƙa a ɗaki. Ganyen nan ba ya bukatar a zuba masa guba. Da ita yake tsirowa."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsufa ne. Ga sarki nan shekara da shekaru yana sha, lafiyarsa ƙalau."

A daidai lokacin tari ya taso wa sarki. To, al'adar fadar ita ce ba a barin talaka ya ga raunin sarki. Da zarar ya yunƙura zai yi tari, sai dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi, fadawa su ɗauki ihu: "Lafiya, zaki! Lafiya, toron giwa!" Haka suka yi, har tarin ya wuce, sannan aka sauke riguna.

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, ina da tambaya ɗaya. Yaushe rabonka da jin tarinka?"

Sarki ya duba, ya ga kullum ihun fadawa ke rufe tarin.

Malamin ya ce, "Ka ba ni abu guda, in ya tashi a banza ka haɗa ni da matar nan a hukuncin. Ka hana ihu, ka hana baza riga, kowa ya zauna shiru har inuwar ginshiƙin can ta matsa."

Waziri ya ce wannan cin mutuncin sarauta ne. Sarki kuwa, don ya ƙaryata tsohon a gaban jama'a, ya yarda.

Zaure ya yi tsit. Fada ba ta saba da shiru ba, kullum akwai mai kirari ko mai amsa amin. Can sai Ma'aji ya yi gyaran murya, ta rikiɗe ta zama tari. Wani hakimi ya karɓa daga bayansa. Waziri ya danne nasa da haɓar rawani har idanunsa suka kawo ruwa, daga bisani ya kasa. Sannan na sarki ya zo. Dogarai suka zabura bisa sabo, ya harare su suka tsaya. Tari ne mai zurfi, mai jan numfashi kamar ana jan tsohon guga a rijiya, kuma ya daɗe bai sake shi ba. Kowa ya ji. Shi ma ya ji.

Lantana ce ta fara magana, ba tare da an ba ta izini ba. "Shi ne. Wallahi haka na Cindo ya fara, a damina ta bara waccan." Ta juya ga Waziri. "Kai kuma, ranka ya daɗe, wa ke daka maka taka tabar? Ni dai ban taɓa shiga gidanka ba. A kamo ta mana, a kamo ta Ma'aji, mu cika kurkukun."

Babu wanda ya daka mata tsawa a wannan karon.

Sarki ya ce wa malamin, "Akwai magani?"

"Na abin da ya riga ya ƙone, babu. Na abin da ya rage, akwai, kuma yana da ɗaci: ka ajiye. Za ka yi kwanaki kana jin haushin kowa, har da ni."

Sarki ya sa aka kwance Lantana, ya ce a ba ta gida da gona. Ta ce gidan mijinta ya ishe ta, abin da take so shi ne kada a naɗa wani a gurbinsa. Sarki ya ce an soke sarautar daga ranar, an kuma daina tukwici da taba.

Masu ba da labarin sun yi saɓani a kan ko ya iya rabuwa da lofen gaba ɗaya. Wasu sun ce ya rabu, wasu sun ce ya yi ta faɗuwa yana tashi har ƙarshen ransa. Abin da suka haɗu a kai shi ne maganar da ya yi wa alƙalinsa da maraicen ranar, da murya a dushe: "Mai hukunci ya fara binciken abin da ke hannunsa, kafin ya ɗaure hannun wani."